Karangiya A Bakin Mawaƙi

Ya kai mai karatu, kafin mu shiga magana ina roƙonka abu guda. In cikin jama'a kake, ɗan matsa gefe inda ba za ka ji nauyin ɗaga murya ba, don abin da za mu tattauna yau ba ya karantuwa da ido kaɗai. Sai an sa baki, an kuma sa kunne.

Duk wanda ya taɓa ratsa gona da kaka ya san karangiya. Ba ka sanin lokacin da ta kama ka. Sai ka iso gida ka dubi ƙafar wando, ka tarar ta yi cincirindo, wannan na riƙe da waccan. Mutanenmu na arewa sun san ta ta wata fuska kuma, don a shekarun yunwa an sussuke ta an ci ƙwayarta. To, sunanta ne masana adabin Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suka ara, suka ba wata dabara ta mawaƙa. Dabarar ita ce a jera kalmomi kusa da juna, kowace ta fara da baƙi iri ɗaya, ko kuwa baƙin ya yi ta dawowa a cikinsu. Wanda ya raɗa wannan suna ya iya raɗi. Kalmomin suna manne wa juna, sa'an nan su manne wa mai saurare, ya tafi gida da su bai sani ba.

Kada ka haɗa ta da amsa-amo. Amsa-amo a ƙarshen ɗango yake zama, watau ƙarshen kowane layin waƙa, kuma doka ne a rubutacciyar waƙarmu: in ka fara da "wa", kunne zai jira "wa" har ka sauka. Karangiya kuwa a goshin kalma ta fi zama, kuma ba wanda ya wajabta wa mawaƙin Hausa ita. In ya ga dama ya sa, in ya ga dama ya bari. Tambayar da nake so mu bi ita ce, in ya sa ta, me take yi wa zuciyar mai ji?

Ban koyi amsar a makarantar horon malamai ba. A ajina na yaƙi da jahilci na koye ta, nan Gaya, kuma sai da na yi ɓarna tukuna.

A ƙarshen watan Yuli na 2023 aka rufe iyaka, gadar da ta haɗa mu da Malanbil ta daina ɗaukar motoci. Wanda ya san garin nan kafin lokacin ya san yadda manyan motocin kaya daga Kwatano suke jeruwa, da hayaniyar masu dako da masu shayi da ƴan kabu-kabu tun daga asuba. Rana ɗaya abin ya ɗauke. Cikin watannin nan ne wata rana na ce wa ɗalibaina kowa ya rubuto mini layi uku a kan abin da idonsa ke gani a gari. Akwai wani dattijo cikinsu, ɗan dako ne, ya kusa haihuwata, kuma shekararsa ta biyu ke nan da riƙe alƙalami. Ga abin da ya kawo, ya kuwa yarda in nuna maka:

Hanya ta huta, hili ya huce,
Hannu ya huta, babu hurar hantsi,
Huska ta hi hadari duhu.

Na tafi da takardun gida, na zaro jan biro kamar yadda aka hore ni. Na ga "hili" na mai da shi "fili". Na ga "hurar" na mai da ita "furar". "Huska" ta koma "fuska", "hi" ta koma "fi". Gyara huɗu. Har na yi masa alamar yabo a gefe, don sauran duk daidai ne. Kashegari da dare na tsaya gaban aji na karanta gyararren da ƙarfi, wai don in ƙarfafa masa gwiwa. Ya saurara har na gama, sai ya ce, "Malam, wagga ba waƙata ba ta." Na ce, "Baba, ai taka ce, harufa huɗu kurum na taɓa." Ya ce in ba shi ya karanta da bakinsa. Da ya karanta, ajin ya yi tsit, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Yanzu kai ma karanta nasa da ƙarfi, kada ka yi sauri. Ƙirga kalmomin da suka fara da "h", za ka sami goma sha ɗaya cikin layi uku. Sa'an nan lura da abin da bakinka ke yi. "H" baƙi ne wanda ba leɓe ke yinsa ba, ba harshe ba, ba haƙori ba. Iska ce kawai ke fitowa daga ƙirji. Ita ce ƙarar da ɗan dako ke yi in ya sauke buhu daga kansa. Mutumin da ya karanta layukan nan ya yi ajiyar zuciya sau goma sha ɗaya, ko ya so ko bai so ba.

Dubi kuma yadda ya ja mu. Layin farko kamar albishir ne. Hanya ta huta, fili ya huce, wa zai ƙi wannan? Na biyu ya fara da hutu kuma, sai a tsakiyarsa ya juya, ashe hutun hannu shi ne rashin furar hantsi. Daga nan kalmar "huta" da muka ji sau biyu ta sake kama, ta zama zaman dole. Kafin ma'ana ta gaya mana haka, sautin ya riga ya sanar da jikinmu cewa akwai gajiya a nan. Kalmar ƙarshe, "duhu", ita kaɗai ce "h" ya bar goshinta ya shige cikinta, kamar numfashin ya nutse. Ban ce dattijon ya zauna ya lissafa wannan duka ba. Kunnensa ne ya zaɓar masa, kuma kunnen da ya shekara hamsin yana jin kirarin ƴan kokawa da waƙar masu daka ba kunnen raini ba ne.

Me jan birona ya yi? In za a yi mini adalci, ban kashe karangiyar ɗungum ba. Bakwai sun rage, har ma na haifar da wata sabuwa ta "f" guda huɗu. Amma "f" sai leɓɓa sun matso sun tare iska kafin ya fito. Sau huɗu na datse numfashin mutumin, kuma a kan kalmomin da suka fi ciwo: fili, da fura, da fuska. Ma'ana tana nan ba ta motsa ba. Gajiyar ce ta tafi. A bakin Bakano "hanya" da "fura" ba su haɗa komai ba, amma a bakin mutumin Gaya ko Dogondutsi ko Kamba ƴan ɗaki ɗaya ne. Karangiya a baki take zaune, kuma kowane baki da garinsu.

Sai dai kada ka tashi daga nan ka ce, to, mun gane, "h" harafin baƙin ciki ne. Wannan kuskure ne da nake ji a bakin wasu masu sharhi, suna raba wa harufa hali kamar ana rabon gado, wannan na fushi, wannan na soyayya. Ji wannan layi da na ƙaga don gwaji:

An haihu da hantsi, haske ya hau har hanya.

"H" shida ne a nan, amma ina gajiyar? Iskar da ta zama ajiyar zuciya a bakin ɗan dako ta zama dariya a bakin ungozoma. Kalangu ɗaya ne ake kaɗa wa mahauta a kasuwa, a kuma kaɗa wa ƴan mata a dandali. Ma'ana ce ke gaya wa sauti inda zai nufa. Shi kuwa sauti, in ya sami hanya, sai ya kai saƙon wurin da ma'ana ita kaɗai ba ta isa.

Duk da haka ba a ce baƙaƙe ba su da nasu jini ba. Akwai waɗanda wani aiki ya fi karɓa. Hausa tana da wasu baƙaƙe da sai maƙogwaro ya ƙulle ake fitar da su, su ne ƙ da ɗ da ɓ da ts da ƴ. In aka jera su, baki yana wahala, mai ji kuma yana jin wahalar. Ga wani layin gwaji a kan tafiyar ƙafa da bazara:

Ƙasa ta ƙone, ƙaya ta ƙi ƙarewa, ƙafa na ƙuna.

Kowane "ƙ" kamar an taka busasshen kara ne. Ba ka iya karanta shi da sanyin murya, ko ka gwada. Ajiye shi kusa da wannan, na bakin Kwara bayan isha:

Ruwa na lilo, lumana ta lulluɓe lungu.

Nan harshe ba ya cin karo da komai, sulalewa yake yi. Wanda bai san Hausa ba ma, in ka karanta masa layukan biyu, ka ce wanne ne na wahala wanne ne na kwanciyar rai, da wuya ya ɓata. Haka "g" yake da nauyi irin na ganga, shi ya sa ya dace da hadari: girgije ya gangamo daga gabas, gari ya girgiza. "Ts" kuwa siriri ne mai kaifi, ɗan'uwan tsaki, ya iya ɗaukar dare da fargaba: tsakar dare tsit, tsoro ya tsaya a tsakar gida. Harshenmu ya daɗe da sanin wannan tun kafin a yi masu sharhi. Dubi kalmomin da muke ƙarfafa magana da su, baƙi ƙirin, ƙone ƙurmus, laushi luɓus. Sau da yawa kalmar ƙarfafawar tana ɗauko baƙin da ke cikin uwarta ta sake buga shi.

Wannan ya kawo mu kan maganar ƙugiya, wadda mu malaman yaƙi da jahilci muke fama da ita kullum. Koma kan layin bazara, ka cire wa harufansa ƙugiya kamar yadda yawancin mutane ke yi in suna rubutu a waya:

Kasa ta kone, kaya ta ki karewa, kafa na kuna.

Ido zai ce karangiya tana nan, ga "k" bakwai a jere. Amma sabon mai karatu abin da ya gani shi yake furtawa. Ƙasa ta zama kasa, macijiya. Ƙaya ta zama kaya na ɗauka. Ƙafa ta zama kafa, ƴar huda. Ƙunar ta mutu, saura wani abu mai kama da wasan yara. Tun shekarun 1930 aka shigo da baƙaƙe masu ƙugiya cikin rubutun boko a Zariya. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 duk sun zauna a kan yadda za a rubuta Hausa, kuma ƙugiya ba ta faɗi ba. Magabatanmu a wannan aiki da keken rubutu na Faransanci suka yi ta bugu, wanda ba shi da ƙ ko ɗ, sai in an gama a bi da alƙalami ana lanƙwasa wa kowane harafi kai da hannu. Yau ga harufan nan cikin waya, danna ɗaya ya isa, amma mun fi su kasala. A wasiƙar gaisuwa mai karatu zai iya cankar abin da kake nufi. A waƙa kuwa ƙaramar ƙugiyar nan ita ce ke riƙe da yanayin duka.

Akwai kuma karangiyar da ban ɗauke ta a bakin komai ba, kuma ita ta fi yawa cikin waƙoƙin da matasa ke kawo mini. Hausa harshe ne mai arhar wannan abu. Jera sunayen masu sana'a, manomi, masunci, maƙeri, masaƙi, maɗinki, ka sami "m" biyar ba ka yi gumi ba, don nahawu ne ya ba ka su kyauta. Haka "ya zo, ya zauna, ya ci, ya tashi". Haka ninkin aikatau, kakkarya, tattara, rurrushe, ko da yake shi wannan in an iya sa shi yana aiki ƙwarai, don yana nuna abin ya auku sau da yawa. Awon da nake yi mai sauƙi ne. Ina cire kalma ɗaya in sa ƴar'uwarta mai ma'ana ɗaya da wani baƙi dabam. In layin bai yi asarar komai ba, to, karangiyar ado ce kawai. In kuwa wani abu ya zube, kamar yadda ya zube ranar da na taɓa waƙar dattijon nan, to, tana ɗauke da kaya.

Cikin marubuta waƙa, wanda aka fi sani da wannan fanni maƙwabcinmu ne. Alhaji Aƙilu Aliyu a Jega aka haife shi a 1918, nan cikin jihar Kebbi ta yau, ya yi yawancin zamansa a Kano, ya rasu a 1999. An buga wasu waƙoƙinsa a Zariya a 1977 cikin littafin Fasaha Aƙiliya. Nemi waƙarsa ta Ƴar Gagara, wadda ya yi a kan mace mai zaman kanta, ka karanta da ƙarfi. Za ka ji yadda yake tara kalmomi masu kama da juna yana jifa da su ɗaya bayan ɗaya, har mai saurare ya rasa wurin numfashi. A ganina nan ne karangiyarsa ta fi ci, wurin zambo da faɗa, don fushi dama haka yake fita daga bakin mutum, a dunƙule, ba ya jiran a ba shi hanya. Amma zan faɗi abin da wasu masoyansa ba za su so ba. Akwai wuraren da gwanintar takan sha gaban maganar, ka tashi kana cewa kai, malamin nan ya san Hausa, alhali ka manta abin da yake faɗa a kai.

Gwada shi da Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. Shi makaho ne, da kunne ya gina waƙarsa, kuma a bakin makafi masu bara ta yawata ƙasar Hausa har ta iso ƙofofin gidajenmu. Kalmominsa masu sauƙi ne, ba ya cika baki da su. Tsoron lahira da begen Manzo da ke cikinta daga kari suke fitowa da sanyin lafazi. Wannan ya isa ya nuna maka karangiya ba ita kaɗai ce hanyar shiga zuciya ba, kuma mawaƙin da ya bar ta ba lalle ne don bai iya ba.

Akwai ƙasar da abin ya zama doka. A waƙar Somaliya, musamman irin da suke kira gabay, mawaƙi zai zaɓi baƙi ɗaya, kuma kowane layi tun daga farko har ƙarshe sai an sami kalmar da ta fara da shi, ko da layukan sun kai ɗari. Har sukan kira waƙa da sunan harafinta. A 1979 da 1980 mawaƙansu da dama sun yi ta mai da wa juna martani a kan siyasar ƙasarsu, dukansu a kan harafin "d", aka sa wa jerin suna Deelley. Mutanen nan sai a 1972 suka tsai da harufan rubuta harshensu, suka bi da babban yaƙi da jahilci har cikin makiyaya, amma dokar nan ta girmi rubutun nesa ba kusa ba. Tsofaffin mawaƙan Ingila ma, shekara dubu da suka wuce, a kan karangiya suke gina layi, ba su damu da amsa-amo ba. Inda abu ya zama doka, kunne yakan saba da shi, ya zama ginshiƙin ɗaki wanda ba a kallo. Mu da ba a wajabta mana ba, duk lokacin da ta fito ana jin ta. Wannan gata ne, kuma hatsari ne.

Hatsarin ya fi bayyana a waƙar makoki. Karangiya in ta yi yawa, ƙanwar karya-harshe ce, irin wanda yara ke yi da dare don a ga wa zai yi tuntuɓe a yi masa dariya. Ka ce kare ya kama kaza, kura ta kama kare, kowa ya kama kansa, ka ga ko fuskar mai ji ba ta saki ba. Wani saurayi ya taɓa kawo mini marsiyar da ya yi wa mahaifiyarsa, kowane layi "m" shida ko bakwai, mutuwa da makoki da maraici da makwanci, har ƙarshe. Hawayensa na gaskiya ne, na gani da idona. Amma da ya karanta, sai na ga ƴan aji suna ƙirga harufa da yatsa suna jinjina kai. Sun bar uwar suna kallon ɗan. Na ce masa ya bar ta a layi biyu kurum, inda ciwon ya fi tsanani, sauran ya faɗe su yadda zai faɗa wa ƙanwarsa. Bai ji daɗi ba a ranar, kuma ban san ko ya bi shawarar ba, don da aka yi ruwa ya koma gona.

Ga ƴan'uwana malamai kuwa, ba cewa nake a yar da daidaitacciyar Hausa ba. Da ita ne mutumin Gaya zai rubuta wa na Damagaram takarda su fahimci juna, da ita ake buga wannan mujalla. Ɗalibin da ya rubuta "hili" cikin takardar neman aiki, har gobe zan gyara masa, in kuma gaya masa dalili. Abin da na daina shi ne taɓa waƙa da jan biro kafin in ji ta a bakin mai ita. Yanzu in an kawo mini, sai in ce mai ita ya tashi ya karanta sau biyu, ni kuwa in rufe ido.

Dattijon nan na mayar masa da harufansa huɗu a daren. Da yake jan biro ba ya gogewa, sai na sake kwafe masa layukan a sabon shafi yadda ya rubuta su tun farko, na rubuta "fili, fura, fuska, fi" a ƙasa, na ce, "Baba, waɗannan na wasiƙa ne, ka riƙe su." Ya duba, ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba. Bayan sati biyu ya kawo wata, ita kuma a kan masu kwale-kwale da suka sami kasuwar fito tun da gada ta tsaya. Da "k" ya gina ta, da "kw", tana tafiya kamar bugun filafili a ruwa, kuma akwai "ƙ" uku a ciki da ya manta bai sa musu ƙugiya ba. Waɗannan kam na gyara, bai ce komai ba.